Ɗorawar da Gatari Ya Bari

An yi wani sarki a ƙasar Gulbin Baure, ana ce masa Zubairu, mai son sanin asalin kowane al'amari kafin ya yanke hukunci. Wata shekara da rani, wasu attajirai suka haɗa jari suka kafa kamfani, suka zo fada bisa jagorancin Madugu Tanimu, suna neman a sayar musu da filin gabashin kogi, domin su yanka shi gona-gona su sayar idan ya yi tsada. Suka rantse sun zagaye shi ba su ga ɗan Adam ba, sai 'yan bukkoki da suka rushe.

Sarki ya yi mamakin yadda ƙasa mai albarka za ta zauna babu mai ita, ya umarci Waziri Mujitaba ya bincika kafin a buga hatimi, domin abin da aka hatimce ba ya warwaruwa.

Waziri bai tambayi Madugu farashi ba, sai ya roƙe shi cikin ladabi ya siffanta filin. Madugu ya saki baki yana yabo: ɗorawa da gawo tsaye nesa da juna, babu ƙaya a tsakaninsu, ga gamba ta fito layi-layi kamar an ja ta da igiya.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, daji ba ya zaɓe. Wanda ya sare ƙaya ya bar ɗorawa manomi ne, gambar kuwa iyakar gonarsa ce. Damina ta gaza musu, sun tafi cin rani."

Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi mun ɗauka haka Allah ya halicci wurin."

Sarki ya jinkirta cinikin har ruwan farko. Da ruwa ya sauka, sai ga mutane suna ƙetaro kogi da iri a ka, kowa ya nufi gindin ɗorawar mahaifinsa ba tare da tambayar hanya ba. Aka tabbatar musu da gonakinsu, aka ba kamfani izinin ragowar dajin, da sharaɗin ya sare ya noma kafin ya sayar.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya ce adalci shi ne mai mulki ya jira wanda ba ya nan har ya dawo ya yi magana.