Yadda Bushiya Ta Hana Gizo Iri

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne."

A can wani zamani akwai wani garin dabbobi a bakin kogi, ana ce masa Tudun Marke. Ƙasar garin nan mai albarka ce, abin da ka jefa mata duk sai ta mayar maka ninki. Gero ne, dawa ce, wake ne, ga zogale a bayan kowane gida, ga kuka, ga kalwar daddawa. A cikin mazauna garin akwai Bushiya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da 'yar gona a gefen fadama. Ba ta da girman jiki, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, ko Giwa ba ta ture ta.

Shi kuwa Gizo, kun san halinsa, da ya ga fartanya sai ciwon baya ya tashi. Wata shekara bayan an gama girbi, ya samo wani tsohon kwalekwale ya haye kogi. Kwana bakwai sai ga shi ya dawo da buhuna cike da wani gari fari fat. Ya tsaya tsakiyar kasuwa yana shela.

"Jama'a, har yaushe za ku yi ta cin baƙin tuwo? Ga abincin ƙetare! Ba surfe, ba daka, ba tankaɗe. Zuba ruwan zafi kawai ka kai baki!"

Kura ta ɗanɗana, ta lumshe ido. Biri ya ɗanɗana, ya yi tsalle. Zaki, sarkin garin, ya ɗanɗana, ya ce a kai masa buhu biyu fada.

"Me za mu ba ka, Gizo?"

"Abu kaɗan. Ku ba ni baƙin hatsin nan da ya cika muku rumbuna, in rage muku kaya."

Haka aka yi ta yi. Gizo ya kwashi gero ya haye, fataken ƙetare su ba shi farin gari ya dawo. Turame suka zama kujeru, fartanyu suka yi tsatsa, rumbuna suka koma wurin kwanan ɓeraye.

Bushiya ma ta ɗanɗana. Ta ce, "Daɗi kam akwai. Amma wa ya noma shi, Gizo? A wace gona?"

"Ina ruwanki da gona? Ke dai ci."

"Abin da ban san gonarsa ba, ba na jingina cikin 'ya'yana da shi."

Aka yi ta yi mata dariya. 'Ya'yanta in sun fita wasa sai a bi su da waƙa, ana ce musu 'ya'yan mai baƙin tuwo. Rannan autarta ta dawo da kuka ta ture akushi, ta ce ita fari take so. Abin ya sosa wa Bushiya rai ƙwarai. Ta jawo 'yar ta ɗora a cinya, ta ce, "Ci, 'yata. Dariya ba ta kashe kowa. Yunwa ce mai kisa."

Ta zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, ta sussuke, ta cika gora guda da iri, ta toshe bakin da tsumma.

Labarin goran nan ya kai kunnen Gizo, hankalinsa ya tashi. Ya san muddin akwai iri a garin, wata rana wani zai tuna da noma, kasuwarsa ta mutu.

Ya je gidanta da fara'a. "Gwaggo Bushiya, ba ni goran nan, in cika miki ɗaki da farin gari."

"In na shuka garin naka zai tsiro?"

"A'a."

"To, sauka lafiya."

Ya koma ya zuga Zaki, wai Bushiya tana ba gari kunya a idon baƙi. Aka kira ta fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka ce in bar gari, yau zan bar shi. Amma da gorana zan tafi." Zaki ya dube ta, ya ga 'yar mitsitsiya, ya yi hamma ya ce a ƙyale mahaukaciya.

A karo na uku, Gizo ya ɗauko Kura da rana tsaka, suka faɗa gidan ba sallama.

"Miƙo goran!" in ji Kura.

Bushiya ta rungume goran, ta dunƙule a kansa, ƙayoyinta suka miƙe. Kura ta mirgina ta hagu, ba ta buɗe ba. Ta mirgina ta dama, ba ta buɗe ba. Ta buga ta da bango, Bushiya ta ji kamar haƙarƙarinta zai karye, ta cije ta ƙara ƙanƙamewa. Da haushi ya ci Kura sai ta kai cizo. Wayyo! Ƙaya ta cika mata baki, ta fita a guje tana zunduma ihu, Gizo na biye da ita yana cewa shi dama rakiya ya zo.

Ana nan, ana nan, sai ruwan farko ya sauka. Kwana uku ana tsuga shi ba ƙaƙƙautawa. Kogi ya cika ya batse, ya tsinke igiyar kwalekwalen Gizo ya yi gaba da shi. Babu mai hayewa, babu mai zuwa.

Farin gari ya ƙare a gidan Kura, ya ƙare a gidan Biri, ya ƙare har a fada. Aka leƙa rumbuna, wayam. Yara suka fara kuka, iyaye suka rasa ta cewa. Sai gari duka ya ɗunguma zuwa fadama, Zaki a gaba, suka tarar da Bushiya da 'ya'yanta sun duƙa suna shuka.

Zaki ya yi gyaran murya. "Bushiya, mun zo."

"Na gan ku, ranka ya daɗe."

Kura ta hango goran, miyau ya zubo mata. "A dafa shi mana mu raba!"

"Wanda ya ci iri ya cinye baɗi," in ji Bushiya. "Ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga tukunya ba. Kowa ya je ya kankare tsatsar fartanyarsa, in ba shi tafi guda ya shuka."

"To me za mu ci kafin ya nuna?" in ji Biri. "Wata biyu da ɗoriya fa!"

"Abin da kuke takawa kullum kuna wucewa."

Ta shige gaba suka bi ta. Ta nuna musu tafasa da ta fara tsirowa, ta nuna musu lalo da rama, ta sa Raƙumin Dawa ya tsinko ganyen kuka, Biri ya hau zogale. Ta buɗe rumbunta, ɗan hatsin da ya rage aka riƙa barzawa ana yin fate a babbar tukunya, kowa ludayi biyu. Ba ƙoshi ake yi ba. Zaki da kansa sai da ƙashin wuyansa ya fito. Sau uku Kura tana jefar da fartanya tana cewa ta gaji, sau uku Bushiya tana ɗaukowa tana mayar mata a hannu.

Gizo kuwa ya zo da ƙafa ɗaure da tsumma, yana ɗingishi. "Gwaggo, ba ni da lafiya, a sa mini fate."

"Ƙafa nawa gare ka?"

"Takwas."

"Saura bakwai. Ga kunyar gona can, kama."

Haka ya yi noma yana ƙunƙuni har hannuwansa suka yi kanta.

Allah ya ba da damina mai kyau. Gero ya yi kai, aka gasa tumu, ƙamshi ya cika gari. Zaki ya tara jama'a ya ce zai naɗa Bushiya Sarkin Noma.

Ta ce, "Rawani ba zai zauna a kan ƙaya ba, ranka ya daɗe. Abu ɗaya nake roƙo. Kowane gida, kafin a kai loma ta farko baki, a ware irin baɗi."

Aka yi doka a kan haka. Sannan aka waiwaya neman Gizo don ya faɗi inda ya kai hatsin bara. Kafin a kama shi ya haye bangon rumbu ya maƙale a kusurwa. Shi ya sa har gobe in kun leƙa rumbu za ku gan shi can sama cikin saƙarsa, yana kallon hatsi, yana tsoron saukowa.

To, kun ji, jikokina. Wanda ya raina abincin ƙasarsa ya miƙa wa wani ragamar cikinsa, ranar da hanya ta yanke kuwa sai ya kwana da yunwa. Ku ci abin da gonarku ta ba ku, ku adana iri.

Ƙungurus kan kusu! In da ƙarya a ciki, a tambayi Gizo.