Kifin da Aka Tono a Cikin Dutse

An ce wani sarki, mai ƙarfin mulki da saurin fushi, ya sa a gina masa sabon soro a bayan fada. Ana cikin haƙa harsashi sai diga ta raba wani dutse biyu, sai ga kifi kwance a tsakiya, da kai da wutsiya da ƙayoyi a jere, duk sun zama dutse. Garin nan kuwa ko rafi babu, kuma kowa ya san abin da ake zato idan an tono baƙon abu a harsashin gida. Nan take fadawa suka gama shari'a: asiri ne, Tanimu shugaban magina ne ya binne shi don mulki ya bushe. Su fadawa, Allah ya ba su baki, amma bai ba su nauyinsa ba.

Tsoro ya kama sarki, ya lulluɓe shi da fushi. Ya sa aka ɗaure Tanimu, ya ce hauni ya sare shi. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai wani dattijo, Malam Ukashatu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawon duniya yana nazarin duwatsu. A ji ta bakinsa tukuna. Takobi yana nan, ba inda za shi."

Malamin ya zo rataye da tsohuwar jaka. Ya daɗe yana shafa kifin, yana tasbihi.

Sarki ya ƙosa, ya ce, "Wa ya binne shi?"

"Ya sarki, wanda ya binne shi ba shi da hannu, kuma bai san za a haife ka ba."

"Kacici-kacici na kira ka ka yi mini?"

"Ya sarki, to nuna mini ƙofar da aka bi aka shigar da shi."

Sarki ya juya dutsen gaba da baya, bai ga ko huda ba, sai tsagar da diga ta yi.

Malamin ya ce, "Kafin a yi mutum a ƙasar nan, ruwa ne shimfiɗe inda fadarka take. Kifin nan ya mutu, laka ta rufe shi tun bai watse ba. Laka ta hau kan laka, zamani ya hau kan zamani, nauyi ya danne ta har ta zama dutse. Ruwa mai gishirin ƙasa ya yi ta tsatsafowa, ya ɗauke ƙaya kaɗan kaɗan, yana ajiye dutse a madadinta. Wannan iri na farko ke nan."

Ya buɗe jaka, ya fito da wani dutse mai rami kamar gurbin tanda. "Nan katantanwa ta kwanta, ta narke, siffarta ta saura. Da laka ta sake cika gurbin, da ka ga katantanwar dutse." Ya miƙa wani abu mai ruwan zuma. "Wannan ƙaron itace ne. Ya zubo wa tururuwa, ya daskare da ita."

Sarki ya ɗaga shi ga haske, ya ga ƙafafun tururuwar, ko ɗaya ba ta karye ba. Mamaki ya cika shi, har ya manta sarki ne, ya sauko daga karaga ya zauna kusa da jakar. Shi da kansa ya zaro na ƙarshe, wani falle mai sawu da yatsu uku.

Ya ce, "Wannan fa? Ina dabbar?"

"Ya sarki, ko ƙashinta ba a samu ba. Taki ɗaya ta yi a ɗanyar laka ta wuce, ba ta waiwaya ba, ga shi har yau da shi ake shaida ta. Soron da kake ginawa zai rushe, ya sarki, sawunka ne zai saura. Yau ƙafarka tana sama, Tanimu yana ƙarƙashinta."

Kunya ta rufe sarki, don ya gane tsoronsa ne ya kusa cin ran bawan Allah. Bai aiki dogari ba, ya tashi ya tafi kurkuku, ya kwance igiyar da hannunsa, ya ga yadda ta ci wuyan hannun maginin, ya ce, "Tanimu, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Tanimu ya share hawaye, ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe. A bar ni dai in je gida, uwata tana can ana yi mata ta'aziyyata."

Sarki ya raka shi har ƙofar fada, ya juyo ga fadawa ya ce, "Hukuncin sarki taki ne a ɗanyar laka. Mai adalci yakan dubi ƙasa kafin ya sauke ƙafa, don in lakar ta zama dutse, ko shi ba ya iya goge sawun."