Fatun Nomau Dubu Da Ɗaya

Ku matso nan, wannan ba ta masu gyangyaɗi ba ce.

An yi wani majemi, Nomau, da wani falke ya kawo wa fatun awaki jima. Aiki bai ƙare ba falken ya rasu. Abin da magada suka taɓa ji daga bakinsa kawai shi ne, "Fatuna sun haura dubu, amma ba su kai dubu biyu ba." Nomau ya kai musu dubu da ɗaya. Suka ce, "Haba Baba! Wa zai ce ya haura dubu saboda fata ɗaya tal?" Sai gaban alƙali. In babu shaida, za a ƙwace majemarsa, sunan ɓarawo kuma ya bi shi har kabari. Shaida kuwa ta yi wa Nomau wuya, don abokan aikinsa babu mai riƙe jimla, kowa abin da ya ratsa hannunsa ya sani. Ya rantse cewa babban raminsa na jima na wanda ya wanke shi daga zargi ne.

Jatau, wanda ya jiƙa fatun a ruwan toka, yana kwance da zazzaɓi. Shi da kansa ya sa aka ɗora shi a jaki zuwa gaban alƙali. Ya shaida cewa bakwai-bakwai ya riƙa tsomawa, ko ɗaya ba ta yi saura ba. Alƙali ya lissafa, ya ce adadin da bakwai ke rabawa tsakanin dubu da dubu biyu sun fi ɗari, wannan ba ta isa ba.

Barau, mai tsomawa a bagaruwa, ba sa ga-maciji da Nomau, ko gaisawa sun daina. Duk da haka ya zo, fuska a murtuke. Ya ce shi sha ɗaya-sha ɗaya ya yi, kuma sun tashi cif. Adadin suka ragu ƙwarai, amma har yanzu sun fi goma.

Tanimu, mai ɗauri, 'yar falken yake aure. Kun ga ke nan duk fatar da aka ɗora wa Nomau, gidan Tanimu na da kaso a ciki. Ya ce sha uku-sha uku ya ɗaure, babu ɗaurin da ya yi giɓi.

Alƙali ya sake lissafi. Adadi ɗaya ne rak bakwai da sha ɗaya da sha uku ke rabawa babu saura: dubu da ɗaya. Na gaba da shi dubu biyu da biyu ne, ya tsallake maganar mamaci. Aka sallami Nomau, yana hawaye don murna.

Sai dai fa rantsuwa na nan, rami kuma ɗaya ne, ba a tsaga shi. Cire shaidar mutum guda, sauran biyun ba su fitar da Nomau. To, ku masu bakin gardama, wa Nomau zai ba ramin: mai zazzaɓi, ko abokin gaba, ko wanda ya yi wa gidansa asara?