Itacen da Ya Tsiro a Tsagar Bango

Akwai wani mutum, manomi, wanda Allah ya ba shi hannun zane. Ba sana'arsa ba ce, so ne kawai. Da rani, in an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sauran maza sukan tafi inuwa su yi dara, shi kuwa sai ya kwaɓa ƙasa da ruwan makuba, ya yaɓe bango, ya bi da yatsunsa yana zane tun ƙasar tana ɗanya. Ya yi dagi a ƙofar zaure, ya yi zabi a jikin rumbu, har akurkin kaji bai tsira ba. Matarsa Rifkatu takan ce in ta daɗe a tsaye wuri ɗaya, ita ma yaɓe ta zai yi ya zana mata fure a goshi.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa, idanunta sun dushe. Tana zaune a ɗakin ƙasa mai rufin azara a ƙarshen gidan. Abin yana damunsa ƙwarai, a ce duk gari suna ganin aikin hannunsa, amma wadda ta haife shi ba ta gani. Sai wata shekara ya shiga ɗakinta, ya zana mata babban itace a bangon da ke jikin gadonta. Ya yi shi da tudu, gindi da rassa da ganyaye duk sun fito waje, domin ta gani da hannu. Ya shafa musu farar ƙasa da jar ƙasa da shuni saboda masu ido. Kowace safiya tsohuwar takan miƙa hannu ta bi itacen daga gindi har inda hannunta ya kai, tana sa wa ɗanta albarka. A cikin dukan abin da ya taɓa zanawa, ba wanda ya ƙaunata kamar wannan.

Bayan wata damina mai ruwa da yawa, ya shiga gaishe ta, sai ya ga wata siririyar tsaga kamar zare ta taso daga ƙasan bangon ta bi gefen itacen. Ya zaga bayan ɗakin ya duba. Ashe indararo ya karye tun tuni, ruwan rufi yana ta zuba a gindin bangon, har ya cinye tushen. Wanda ya yi shekaru yana wasa da ƙasa ba sai an gaya masa ba: tsagar da ta taso daga tushe ba a yi mata yaɓe, rushe bangon ake yi a sake gini. In kuwa aka rushe bangon, itacen ya tafi.

Ya kama hanyar gidan magini. Har ya kai ƙofa, ya ɗaga murya zai yi sallama, sai ya tuna da diga tana sauka a kan ganyayen nan. Ya juya ya koma gida. Ya gyara indararon, ya kwaɓa ƙasa, ya bi tsagar ya cike ta, ya yi mata tudu, ya maƙala mata ganyaye. Kafin rana ta yi tsaka, tsaga ta zama reshe. Duk wanda ya shigo sai ya ce wannan reshen ya fi sauran kyau, don ya lanƙwasa kamar na gaske.

Amma tsaga ba ta san an yi mata ado ba. Ta ci gaba da tafiyarta a ƙarƙashin yaɓen. Da farko tsinken tsintsiya ne yake shiga, daga baya yatsa. In ta bi dama, ya bi ta da reshe. In ta rabu biyu, ya yi rassa biyu ya ɗora tsuntsu a tsakani. Itacen ya yi ta girma, mutane suna ta yabo, shi kuwa yana ta ramewa. Abinci ya daina yi masa daɗi. In kwano ya faɗi a tsakar gida, sai ya zabura ya dubi ɗakin uwarsa. Tsoro ya zauna masa a ciki, ba ya fita.

Wata safiya tsohuwar tana shafa itacenta, sai ta tsaya. Ta ce, "Ɗana, nan wurin ina jin iska tana taɓa mini yatsa. Kuma ƙasa tana zubo mini a shimfiɗa. Lafiya kuwa bangon nan?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna. Sabon reshe ne nake yi miki, bai gama bushewa ba."

Ta yi murmushi ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Ta gyara kwanciyarta, ta jingina bayanta da bangon.

Rifkatu tana bakin ƙofa, ta ji duka. Da ya fito ta tare shi a bayan rumbu ta ce, "Maigida, ni dai ina da ido. Wannan ba reshe ba ne. In ba za ka kira magini ba, mu mai da Inna ɗakina kafin ruwa ya sauka."

Ya ce, "In na fitar da ita, me zan ce mata? In ce ƙarya na yi? Bari daminar nan ta wuce, da kaka zan san abin yi."

Ta ce, "Damina ba za ta jira ka ba." Shi kuwa ya koma ga kwaɓinsa.

Ruwa ya sauka. Duk lokacin da hadari ya haɗu, mutumin yakan tsaya a tsakar gida yana duban sama yana duban ɗakin. In ruwa ya ɗauke bango yana tsaye, sai ya ce a ransa, ai ga shi bai faɗi ba. Haka ya yi ta samun ƙarfin hali daga abin da ya kamata ya ƙara masa tsoro.

Ran nan da azahar yana gona, Rifkatu kuwa ta tafi taron zumuntar mata a coci, tsohuwar ita kaɗai a gida. An yi kwanaki ana yayyafi, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwantar da dawa. Ya jefar da fartanya ya sheƙa da gudu. Ruwa ya kece masa a hanya, yana faɗuwa cikin taɓo yana tashi, yana cewa, "Ya Ubangiji, yau kaɗai. Ka riƙe shi yau kaɗai, gobe da sassafe zan kira magini." Ya sa ƙafa a zaure ke nan, sai ya ji wani nauyi ya sauka, har ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa. Ya san ko mene ne tun bai gani ba.

Maƙwabta suka taru, wasu da fartanya, wasu da hannu. Shi yana tono yana kiran uwarsa, farcensa yana jini bai sani ba. Ruwa yana wanke shuni da jar ƙasa daga ɓaraguzan, suna gangarawa cikin kwata. Suka same ta da rai, gama wata azara ta tokare a kan gadon ta kare mata kai da ƙirji. Amma bangon ya sauka a kan ƙafafunta duka biyu. A hannunta akwai guntun ƙasa, ganye ɗaya daga itacen, ta riƙe shi gam.

Da ta ji muryarsa ta ce a hankali, "Ɗana, reshen nan ne ya faɗo mini?"

Ya durƙusa cikin taɓo ya fashe da kuka. Ya ce, "Ba reshe ba ne, Inna. Tsaga ce. Na sani tun bara."

Sa'an nan ta ce, "Da ka faɗa mini, ai da na fita da ƙafata."

Daga ranar ba ta ƙara takawa ba. Ta gafarta masa, gama uwa ce, amma duk Lahadi a bayansa yake goya ta zuwa sujada, yana wuce dagin da ya zana a ƙofar zaure, ba ya iya ɗaga ido ya dube shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: bangon nan ranka ne, tsagar kuwa zunubin da ka sani, kai kaɗai da Allah. Kada wani ya fita daga nan ya ce zane laifi ne. Allah ne ya ba mutumin hannu, itacen kuma da ƙauna aka fara shi. Laifin ya shigo ne ranar da ya ɗauki baiwar Allah ya rufe abin da ya kamata ya tona.

Mu ma mun iya wannan zanen, wasunmu ma sun fi manomin hannu. Mai fushi ya ce shi mai faɗin gaskiya ne. Mai riƙon ɗan'uwansa a zuciya ya ce hankali ne ya koya. Wani kuma da tsagarsa ta ƙara buɗewa, sai ya ƙara ɗaga murya a ƙungiyar mawaƙa, mu kuwa mu ce kai, bana wane ya ƙara himma. Ina jin tsoro ƙwarai saboda irin wannan yabo, gama na ga gidajen da ya rusa.

Maginin kuwa Ubangiji Yesu ne. Mutumin ya kai har ƙofarsa ya juya, domin ya san zai zo da diga. Gaskiya ne, zai rushe, zai kuwa yi zafi, wataƙila abin da ka fi taƙama da shi ne zai fara faɗuwa. Amma wanda ya rushe da hannunsa, shi ne kuma zai gina daga tushe.

Ka kuma lura da wannan, don shi ne ya fi ba ni tsoro. Bangon bai faɗo a kan mai zanen ba. A kan wadda ta gaskata maganarsa ya faɗo. Akwai wanda ya jingina bayansa da kai, matarka, ko mijinki, ko 'ya'yanku, ko wani sabon tuba da yake kallonka, ya tambaye ka ko lafiya, ka ce masa lafiya lau. Kada ka jira kaka. Yau, kafin ka ci abincin rana, ka kira tsagar da sunanta a gaban Allah, ka kuma faɗa wa wanda yake kwance a gindinta, tun yana iya fita da ƙafarsa.