Waldar Gwiwar Eriya

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, wani bawan Allah mai walda ana ce masa Mati. Ku saurara da kyau, jama'a. Mati ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Rumfarsa kwano huɗu ce a bakin hanya, aikinsa gyaran baro da ƙofar shago. Idan ya zo masallaci can baya yake tsayawa, don kada tartsatsin da ya huhhuda masa riga ya ba shi kunya.

A garin akwai wani dattijo, Malam Haladu, wanda ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya. Yana da rediyo, ba irin tamu ta jin labarai ba, irin wadda mutum zai yi magana daga ɗakinsa wani ya amsa masa daga wata ƙasa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, muryoyin nan su ne abokan hirarsa. To amma rediyon sai da eriya, ita kuwa eriya tana can kan sandar ƙarfe mai tsawon ƙafa arba'in. Duk lokacin da iska ta karkatar da ita sai an hau, ga shi ƙafafun tsoho sun daina hawa.

Sai ya zo wurin Mati ya ce yana son a yi wa sandar gaɓa a gindi, kamar gwiwar mutum, a haɗa da igiyar ƙarfe da abin murɗawa. Idan eriya ta lalace, ya murɗa sandar ta kwanto ƙasa, ya gyara yana tsaye, ya sake murɗawa ta miƙe. Ku lura da wannan: mai murɗawar nan a ƙarƙashin sandar yake tsayawa, kuma duk nauyin a kan gwiwar yake.

Mati ya karɓi aikin da murna, don bai taɓa samun irinsa ba. Sati uku yana aunawa, yana yankawa. Ranar da zai haɗa gwiwar sai wutar lantarki ta zo rabi, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja. Masu walda sun san abin da nake faɗa: idan wuta ba ta da ƙarfi, waldar kwanciya take yi a sama, ba ta shiga cikin ƙarfen. Mati ya sani. Amma an riga an sa ranar ɗagawa, sai ya ce wa ransa ai ta kama. Ya goge, ya shafa fenti, abu ya yi kyau.

Ranar ɗagawa unguwa ta taru. Har da wakilin wani ɗan kwangila, wanda yake neman mai walda da zai ƙera masa ƙafafun tankunan ruwa na garuruwa da yawa, ya zo ganin hannun Mati. Aka murɗa, sanda ta miƙe tsaf. Aka sake murɗawa ta kwanto a hankali. Mutane suna ta sa albarka, Malam Haladu har da ƙwalla.

To, Mati yana da wata al'ada da ya samo wurin maigidan da ya koya masa walda: ba ya miƙa aiki sai ya ƙwanƙwasa kowace walda da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi ta daɗe a kunne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk suna amsawa. Da ya zo kan gwiwar, sai ta amsa masa kamar tukunyar da ta tsage.

Babu wanda ya ji sai shi. Ina sake faɗa muku, babu wanda ya ji sai shi. Zuciyarsa ta ce masa waldar nan za ta iya shekara biyu, ta yiwu uku, in ma ta karye iska za a ɗora wa laifi. Ta ce masa ya bari baƙon ya tafi, jibi ya lallaɓo ya gyara. Yana cikin wannan sai ya ji tsohon yana gaya wa maƙwabcinsa cewa gobe da sassafe zai kwantar da ita da kansa ya ɗaura sabuwar waya. Tsoro ya kama Mati, tsoro na gaske.

Ya miƙe a gaban kowa ya ce, “Baba, kada ka taɓa abin nan. Waldar gwiwar ba ta kama ba.”

Malam Haladu ya ce, “Mati, ai yanzu muka ga ta ɗauka.”

Ya ce, “Ta ɗauka yau. Ranar da na yi ta wuta ba ta da ƙarfi, na sani, na rufe da fenti. Laifina ne, Baba, ka yafe mini.”

Wakilin ya kaɗa rigarsa ya shiga mota, bai ko yi sallama ba. Tsohon ya daɗe yana kallon Mati, sannan ya ce ya yafe, a sake. Mati ya yanke gwiwar, ya jira kwana huɗu har wuta ta zo cikakkiya, ya sake ta.

Na ga wasunku suna gyara zama, kuna jiran in ce ɗan kwangilar ya dawo da aiki ninki goma. Bai dawo ba. Wani aka ba. A kasuwa aka riƙa tsokanar Mati da cewa shi ne mai tona wa kansa asiri, kuma a rumfar nan ya tsufa yana gyaran baro. Kuna jiran in ce an yi guguwa sandar ta tsaya, kowa ya gane gaskiyarsa. Ba a yi ba. Babu abin da ya faru. Malam Haladu ya shekara goma sha ɗaya yana kwantar da sandarsa yana miƙar da ita, yana hira da mutanensa, har ya rasu a kan gadonsa yana kalmar shahada.

Wannan shi ne ladan, jama'a, in kuna da kunnen ji. Gaskiya a cikin aiki sau da yawa sakamakonta shi ne babu abin da ya faru, kuma ba a yi wa mutum taro saboda abin da bai faru ba. Allah kaɗai ke rubuta shi.

Kai da ka ɗaure birkin motar wani jiya ka ce ai zai kai, mata da yara ne za su shiga motar nan. Kai da ka zuba rufin siminti ka rage rodi, wani zai shimfiɗa wa jaririnsa tabarma a ƙasansa. Ka san aibin, mai shi bai sani ba, kuma ya amince da kai. Idan mun sallame daga nan, kada ka wuce gida. Ka je ka same shi ka gaya masa, kunyar ta kama ka yau tun yana da rai.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗar laifinmu da bakinmu.