Jatau Dila Tsakanin Jan Zare da Zoben Tagulla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Inna, mun matso.

To, a wani zamani can, lokacin da dabbobi ke noma suna sarauta, akwai wani ƙauye da ake kira Gindin Gamji. Ya sami sunan ne daga wani gamji da ke bakin gari, wanda ba a san wanda ya shuka shi ba. Tsuntsu kan tashi daga reshen ƙasa, kafin ya kai na sama sai ya sauka ya huta. Ikon Allah ke nan.

Dagacin garin Ɓauna ne. Sarkin ƙasar duka kuwa Zaki, yana can birni, ba wanda ya taɓa ganinsa a ƙauyen, sai dai a ji umarninsa. Karnuka su ne masu gadi, kowane gida da nasa.

Ran nan wani kare ya biyo kaza a guje, ya ture ƙwaryar furar Dagaci a gaban baƙi. Dagaci ya yi huci, ya sa aka yi shela: kowane kare a ɗaure shi a turke, a cikin ɗaki mai rufi. Wanda aka duba aka ga ya cika sharaɗi, a ɗaura masa jan zare a ƙafa. Wanda aka samu a sake, sai tsohuwar rijiya.

Aka ɗaure karnuka. Kura ta ji gari shiru, ta shigo, ta ɗauke maraƙin Sarki da ake kiwo a nan. Labari ya kai birni. Sarki shi ma ya sa aka yi shela: kar a kuskura a ɗaure kare a ƙasarsa, kuma ɗakin kare kar a yi masa rufi, don in ɓarawo ya zo ya tsallake ya bi shi. Wanda ya cika sharaɗi, a sa masa zoben tagulla a wuya. Wanda aka samu a ɗaure, kansa na Sarki ne.

Gari ya rikice. A ɗaure kare, Sarki na nan. A kwance kare, Dagaci na nan. Sarki ya fi ƙarfi, amma Dagaci ya fi kusa. Rago ya yaye rufin ɗakin karensa da safe, ya mayar da yamma, ya yaye, ya mayar, har ya zauna a gindin bango yana kuka.

Duk wannan a kan idon wani dila mai suna Jatau, wanda ke zaune a rami bayan gari da matarsa Tabawa. Jatau bai da gona, bai da kare, sai ciki da dabara. Ya zauna ya ƙare wa masu duba karnuka biyu kallo, na Dagaci da na Sarki.

Mai duban Dagaci ita ce Gwaggo Bushiya, tsohuwa ce gajeriya, tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin abin da ya wuce gwiwar akuya ba. Mai duban Sarki kuwa Raƙumin Dawa ne. Ranar da ya fara zuwa ƙauyen, kansa ne ya fara bayyana a kan itatuwa, yana tafe a hankali kamar wata ya ɓata hanya, sai can an jima ƙafafunsa suka iso. Mata suka bar daka, tsofaffi suka yi ta ambaton Mai halitta. Shi kuwa tun da ya girma bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin gwiwarsa ba.

Jatau ya koma rami ya ce, "Tabawa, ɗauko fartanya, gini za mu yi."

Ta ce, "Malam, kai da ko ramin nan gado ka ci?"

Ya ce, "Ke dai kwaɓa ƙasa."

Suka gina ɗaki a gindin gamji, bango mai tsawo, ba rufi, da 'yar rariya a ƙasa. Ya kakkafa turaku, ya baza ƙaiƙayi ya rufe su. Sannan ya shiga gari yana cewa duk mai kare ya kawo ajiya, shi ya san bakin Dagaci, ya san bakin Sarki.

Aka kawo karnuka. Ya ɗaure su a ƙafa, ya ja ƙaiƙayi ya rufe igiyoyin.

Gwaggo Bushiya ta zo, ta leƙa ta rariya. Ta ga ƙafafu a ɗaure, ta ga ɗaki duhu saboda inuwar gamji.

Ta ce, "Ɗan nan, da rufi ko?"

Ya ce, "Gwaggo, ba ki ga duhu ba?"

Ta ce, "Na gani, Allah ya yi maka albarka." Ta ɗaura wa kowa jan zare.

Raƙumin Dawa ya zo, ya zura kai ta ƙarƙashin rassa, ya leƙo ta kan bango. Ya ga ba rufi, ya ga karnuka kwance a kan ƙaiƙayi.

Ya ce, "Kai mai ɗaki, a sake suke ko?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga igiya?"

Ya ce, "Ban gani ba." Ya sako wa kowa zobe a wuya.

Shi ke nan, Jatau ya zama mutum. Kullum masu karnuka na kawo ƙanzo da romo da ƙashi. Jatau ya shanye romon, ya gwigwiye ƙashin, ya ba karnuka ƙanzo. Ya shanye romon, ya gwigwiye ƙashin, ya ba karnuka ƙanzo. Wuyansa ya yi kauri, gashinsa ya yi sheƙi.

Da ya tsaya a nan, da tatsuniya ta ƙare. Amma sai ya ji Ungulu, Sarkin Fawa, yana ba duk karen da ke da zare da zobe tumbi ranar kasuwa.

Ya ce, "Tabawa, dube ni da kyau. Da me kare ya fi ni?"

Ta ce, "Da uban gida."

Ya ce, "Kunne iri ɗaya, baki iri ɗaya. Wutsiya ce kawai, ita kuwa sai in zauna a kanta."

Ta ce, "Malam, wanda ya ci tumbin kare, ranar aikin kare za a neme shi."

Ya ce, "Ranar ta zo tukuna."

Da masu duba suka sake zagayowa, kowa da ranarsa, ya shiga cikin karnuka ya kwanta. Ya miƙa ƙafa ta rariya, aka ɗaura masa jan zare. Ya miƙa wuya sama, aka sako masa zobe. Wani tsohon kare mai suna Ƙyale-su ya buɗe ido ɗaya ya dube shi.

Ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Ka iya haushi?"

Jatau ya ce, "Mura nake yi, Baba."

Ya ci tumbinsa, ya haɗa da na karnuka. Karnuka suka rame har ana ganin haƙarƙarinsu. Masu su suka zo suka gani, kowa ya kwance nasa, ya kai ƙauyen dangi ya ɓoye. Ɗaki ya rage Jatau kaɗai, da zarensa da zobensa.

Ana nan sai Damisa ta addabi garken Sarki. Sarki ya ce duk kare mai zobe a kawo shi birni ya shiga daji ya fito da ita. Dagaci ya ji, ya ce duk kare mai zare da ya bar turkensa, rijiya. A ranar Jatau ya ji motsin Gwaggo, ya yi maza ya ɗaure ƙafarsa a turke. Bai gama ƙulli ba sai inuwa ta ƙaru a kan inuwa. Ya ɗaga ido, ga kan Raƙumin Dawa a bisa bango. Ba su taɓa zuwa rana ɗaya ba sai yau.

Raƙumin Dawa ya zura igiya a zoben, ya naɗe ɗaya bakin a ƙahonsa, ya ce, "Taso, Sarki na kira."

Ya ɗaga kai. Wuya ya yi sama, ƙafa na turke. Jatau ya miƙe kamar fatar da ake shanya.

Gwaggo ta ce ta rariya, "Wane ne ke jan karen Dagaci?"

Murya ta sauko daga sama, "Wace ce ke magana a cikin ƙasa? Karen Sarki ne. Ɗakinsa ba rufi, ƙafarsa ba ɗauri."

"Kai dogo, ji tsoron Allah. Ɗakinsa da rufi, ƙafarsa a ɗaure, da hannuna na sa zaren."

"Iya, tsufa ya taɓa miki ido."

"Kai kuma tsawo ya shanye maka hankali."

Suna yi yana ja, suna yi yana ja. Jatau ya ga taurari da rana tsaka. In ya ce shi kare ne, ko Damisa ko rijiya, in ma wuyan ya kai. In ya ce shi dila ne, ga masu kaji, ga masu karnuka, ga Ungulu. Ya duba dabararsa kaf, ya ga saura ɗaya, ita kuwa za ta cinye ɗakin da tumbin duka. Ya auna tumbi, ya auna wuya. Sai da ya ɗan yi jinkiri, don Jatau ne.

Ya ce da 'yar muryar da ta rage, "Ranka ya daɗe, Gwaggo, ku duka manya ne, ba mai ƙarya a cikinku. Kai ka sauko ka gani da idonta, ita ta hau ta gani da naka. Sai dai ka sauke igiyar nan tukuna, kar ta harɗe tsohuwa."

Raƙumin Dawa ya zame igiyar. Ya ware ƙafafu, ya yi ta sauko da kai, ya yi ta saukowa, har haɓarsa ta taɓa ƙasa a bakin rariya. Sai ya ƙura wa ƙasa ido.

Can ya ce, "Iya, waɗannan ƙananan da ke tafiya a jere fa?"

Ta ce, "Tururuwa ce."

"Ɗauke da me?"

"Hatsi. Gida za su kai, suna da rumbu a ƙasa."

"Rumbu. A ƙarƙashin ƙafata." Ya zuba ido. Ya ga wata ta yar da ƙwayarta, wata ta tsaya ta taya ta ɗauka. Ya ga wani fure da bai kai ƙwayar gero ba, amma an yi masa ganye, an yi masa launi, ba a rage masa komai ba. Ya ce a hankali, "Subhanallahi. Shekara da shekaru ina taka wannan."

Gwaggo ta lallaɓa ta hau tsakanin ƙahoninsa, ta kwantar da ƙayarta don kar ta soke shi. Ya fara ɗagawa. Ta wuce bango. Ta wuce rumbun Dagaci. Ta ƙanƙame, ta rufe ido, sai da ya tsaya sannan ta buɗe.

A nan ƙasa Jatau ya riga ya gwigwiye igiyar ƙafarsa. Ƙofa na nan a buɗe. Sai ya ji muryar tsohuwar daga sama.

"Dogo, wancan farin zanen da aka shimfiɗa fa, wa ya saƙa shi?"

"Kogi ne, Iya."

"Duk ruwa ne? Ina ya nufa?"

"Ban taɓa ganin ƙarshensa ba."

"Wancan kuma kamar an kife ƙore?"

"Birni ke nan."

"Birnin da muke jin tsoro? Ai tafin hannu ya rufe shi." Ta waiga. "Ga gonaki, ga duwatsu shuɗɗa, ga wani daji bayan daji. Kuma gamjin nan har yanzu yana bisa kanmu. Ashe haka duniya take, ni ina cikin rariya. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ta."

Jatau na tsaye, ƙafa ɗaya a waje, baki sake. Shi da ya ɗauka ya san duniya ciki da bai, bai taɓa jin kogi ya zama zane ba. Ya manta da Damisa, ya manta da rijiya, har tumbi ya manta. Ya ɗaga hanci sama, yana so ta ƙara faɗa.

Sai Gwaggo ta sunkuyo ta share hawaye, idonta ya faɗa cikin ɗakin.

Ta ce, "Af. Dogo, ina rufin?"

Ya ce, "Ni ma da na sauka na ga turaku a cikin ƙaiƙayi. Iya, kuma wannan karen, tun yaushe kare ke da wutsiya kamar tsintsiya?"

Kafin su haɗa ido a kansa, Jatau ya zama ƙura.

Masu duban nan suka tafi tare, tana bisa kansa, suka faɗa wa Dagaci, suka faɗa wa Sarki. Dagaci ya ce ba ya janye magana. Sarki ya ce shi wa zai janye wa. Da aka gaji, sai talakawa suka raba musu: da rana a ɗaure kare, na Dagaci ne, in rana ta faɗi a sake shi, na Sarki ne. Haka ake yi har yau.

Jatau kuwa ya faɗa rami yana haki. Tabawa ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa.

Ta ce, "Malam, yau kasuwa. Ina tumbin?"

Ya shafa maƙogwaro, ya haɗiyi yawu, ya ji ya wuce.

Ya ce, "Na kawo wuyana. Shi ma da ƙyar aka bar mini."

Ta ce, "To, shi za mu dafa?"

Ya ce, "Tabawa, kin san kogi zane ne?"

Ta taɓa goshinsa, ta tashi ta jiƙa masa sabara.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami. Wanda duk zai ci abincin hukuma biyu, ya fara aron wuyan Raƙumin Dawa, in an ja ya isa. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta, kuma a duba in an saki karen.