Yadda Cindo Ya Tsirar da Komarsa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa yadda aka koya muku, ku ce ta zo mu ji ta. Madalla. To, ku gyara zama, kada wanda ya katse mini hanzari.

A wani gari da ke bakin gulbi an yi wani masunci, sunansa Cindo. Ba shi da gona, ba shi da dabba. Abin da ya mallaka duk duniya koma ce guda ɗaya da ya gada daga mahaifinsa, da ita yake ciyar da iyalinsa. Sarkin Ruwan garin kuwa dattijo ne mai tsanani, ya kafa doka cewa duk kifin da bai kai tsawon tafin hannu ba a mayar da shi ruwa, domin ya girma ya hayayyafa. Masunta suka ce sun ji sun bi. Alhali kuwa mafi yawansu in sun kama ƙananan sai su tura su cikin gora, su kai gida a shanya a bayan ɗaki. Cindo kaɗai ke mayarwa.

Sai dai ga yadda yake mayarwar. Yakan jawo koma kan tudu, ya zazzage ta a yashi, ya tsince manyan, sa'an nan ya share ƙananan zuwa ruwa. Kafin azahar sai a ga sun taso ciki sama, sun yi fari fat a mashiginsa.

Ran nan Sarkin Ruwa yana zagaya gaɓa sai ya gani. Cindo ya durƙusa, ya rantse da cewa bai taɓa kai ƙaramin kifi gida ba. Dattijon ya ce doka ba ta ce a mayar wa gulbi da gawa ba.

"Na ba ka kwana uku, Cindo. In rana ta uku ta faɗi na ga mushe ko ɗaya a mashiginka, za a ƙone komar nan, kuma ba ka ƙara sa ƙafa a ruwana."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Da Sarkin Ruwa ya wuce, sai maƙwabcinsa Barau ya matso yana dariya. Ya ce wai shi Cindo yaushe zai yi wayo, kifin da ke cikin gora ai ba ya tasowa ya tona asirin kowa. Cindo ya ce ubansa bai bar masa koma don ya yi sata da ita ba, kuma sai ya gano abin da ke kashe kifin nan ko da zai kwana uku bai ɗora tukunya ba.

Ashe Zalɓe na tsaye cikin ciyawa yana ji. Wannan tsuntsu kuwa, ku sani, tun da Cindo ya fara su a wurin bai ƙara wahalar farauta ba, kifin da suka galabaita yake tsinta. Sai ya tako a hankali, ya gaishe da Cindo, ya kira shi ɗan'uwa a sana'a, ya ce ai matsalar a fili take: ruwan gaɓa ɗumi gare shi, sai a wurga su can tsakiya inda ruwa ke da sanyi.

Rana ta farko Cindo ya yi ta wurgi har kafaɗarsa ta yi tsami. Kowane kifi ya daki ruwa sai ya suma. Zalɓe ya ci, ya ci, har ya kasa tashi, sauran suka taso ciki sama. Sarkin Ruwa ya zo ya duba, ya ce saura biyu.

Rana ta biyu Zalɓe ya dawo da wata shawarar. Ya ce laifin na santsi ne, kifin na suɓucewa yana faɗuwa ƙasa, sai Cindo ya murza hannunsa da busasshen yashi domin riƙo ya yi ƙarfi. Cindo ya murza. Wannan karon ma ya fi na jiya muni. Sarkin Ruwa ya zo ya duba, ya ce saura ɗaya.

Cindo bai koma gida ba. Da la'asar sakaliya ya sake jefa koma, sai ga wata tsohuwar Tarwaɗa a ciki, mai gashin baki kamar igiya, irin wadda za ta ishi gida abinci na kwana biyu. Yunwa na cinsa, amma bai jawo ta tudu ba. Ya durƙusa cikin ruwa, ya gaishe ta, ya kwashe labari duka ya gaya mata, har da shawarwarin Zalɓe.

"Ɗan nan," in ji ta, "wurin mai haɗiye mu ka je neman yadda za a raya mu?"

"Iya, ai ni ma ina cin ku."

"Kana ci, amma kai ka iya jira. Shi bai iya ba."

Sai ta bayyana masa cewa yauƙin nan da ke jikin kifi shi ne rigarsa, busasshen hannu da yashi suna tuɓe ta, kuma ƙaramin kifin da aka tuɓe ba ya kwana. Ta ce ya bar koma cikin ruwa ya yi tsince a nan, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kowanne, kada ya matse ciki, kada ya sa yatsa inda yake numfashi. Wanda ya galabaita kuwa ya tallafe shi a tafin hannu, ya juya kansa wajen da ruwa ke gangarowa, har sai ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa. Cindo ya yi godiya, ya buɗe koma ya sake ta.

Rana ta uku tun da hantsi ya shiga ruwa har ƙugu. Aikin ya zama mai cin rai ƙwarai, domin kafin ya gama da jefa ɗaya sauran masunta sun yi biyar. Barau ya wuce da gora cike, ya tambaye shi ko yanzu ungozomar kifi ya koma. Zalɓe ya yi ta kai da komowa a gaɓa, yana cewa rana na tafiya, ya dai wurga su a wuce wurin. Cindo ya ci gaba da tsincensa. Yatsunsa suka yamutse, bayansa ya riƙe.

Dab da faɗuwar rana Sarkin Ruwa ya iso, dogarinsa na riƙe da bakin wuta. Mashigi tas, babu mushe. Amma a tafin Cindo akwai wata 'yar karfasa da ta kwanta a gefe, ba ta motsi. Barau ya raɗa masa cewa ya dunƙule hannu, ba wanda zai gani. Cindo ya bar hannunsa a buɗe cikin ruwa, ya juya kanta wajen da ruwa ke gangarowa, ya jira. Dattijon ma ya jira. Can sai bakinta ya buɗe, ya rufe. Ta miƙe, ta kaɗa wutsiya, ta ɓace.

Sarkin Ruwa ya sa aka tsoma bakin wutar a gulbi. Sa'an nan ya ce gobe kowane masunci ya zo mashigin Cindo ya koyi riƙon kifi, kuma kowa ya zo da goransa a buɗe. Cindo ya naɗe komarsa, ya saɓa, ya nufi gida da kifi huɗu kacal. Zalɓe kuwa tun daga ranar ya rame, shi ya sa har yau za ku gan shi tsaye cikin ruwa, ƙafafu kamar tsinke, yana jiran abin da ba zai taso ba.

Saboda haka, ku riƙe wannan: bin doka da hannun ganganci ɗan'uwan karya ta ne.

Nan ta tsaya. Kurunkus.